Wasiƙar da Buɗe Ta Kaɗai Ya Isa: Raunin Manhajojin Imel na Burauza da Alhakin Masu Riƙe da Sabar



Duk wanda ya taɓa zama a bitar tsaron intanet da ake shirya wa ma'aikata ya haddace nasihohin da ake yi: kada ka latsa mahaɗin da ba ka san asalinsa ba, kada ka sauke fayil daga baƙon adireshi, kada ka ba kowa kalmar sirrinka. Nasihohi ne na gaskiya, kuma ban zo rushe su ba. Abin da ya kawo ni shi ne wani nau'in hari da ma'aikaci zai kiyaye waɗannan ƙa'idoji duka, amma a kwashe masa wasiƙunsa kakaf, don kawai ya buɗe saƙo ya karanta, alhali karanta saƙon na cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi. A irin wannan hari laifin ba ya wuyan mai karatu. Yana wuyan hukumar da ke riƙe da sabar, kuma yawancin ɓarnar tana aukuwa ne a tsakanin ranar da aka fitar da faci, wato gyaran da ke toshe raunin manhaja, da ranar da aka saka shi.

Manhajojin da nake magana a kansu su ne waɗanda hukuma ko kamfani ke ɗorawa a kan sabarsa, ma'aikaci ya shiga ta burauza ya karanta imel ɗinsa: Roundcube, Zimbra, Horde, SquirrelMail, MDaemon da ire-irensu. Na ware Gmail da makamantansa, ba don ba a samun rauni a cikinsu ba, sai don kamfanonin da suka mallake su ne ke toshe ɓarakar da kansu, mai amfani ko labari ba ya ji. Roundcube kuwa, wadda ta fito tun 2005 kuma kyauta ce, tana zuwa ne haɗe da cPanel, allon sarrafa shafi da kamfanonin ba da masauki a intanet suka fi amfani da shi. Saboda haka makaranta ko asibiti ko ƙungiya da ta sayi masauki a Kano ko Yamai, aka buɗe mata adireshin imel da sunanta, akwai yiwuwar Roundcube take amfani da ita ba tare da ko sunan manhajar ta sani ba.

Yadda wasiƙa ke zama makami

Imel na zamani ba rubutu ba ne zalla. Ana tsara shi da HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, don a sa hoto da launi da tambari. Manhajar imel ta burauza ita ma shafin intanet ce. Ke nan duk lokacin da ka buɗe saƙo, ana ɗauko rubutun da wani baƙo ya tsara, a zuba shi a cikin shafin da kai ka riga ka shiga da kalmar sirrinka. Idan baƙon ya iya cusa umarnin JavaScript a cikin rubutun, burauzarka ba za ta bambance shi da umarnin manhajar kanta ba. Za ta aiwatar da shi da sunanka, da duk ikon da kake da shi a akwatinka. Wannan shi ne raunin da masana ke kira XSS.

Masu rubuta manhajojin sun san da haka, shi ya sa kowace tana da sashen da ke tace saƙo kafin a nuna shi. Aikinsa irin na rariya ne: gari ya wuce, tsakuwa ta tsaya. Matsalar ita ce harshen HTML yana da faɗi ƙwarai, kullum ƙara masa abubuwa ake yi, kuma yadda matacin ke fahimtar wani rubutu yana iya saɓa wa yadda burauza za ta fahimce shi. A wannan saɓani masu kutse ke neman kafa.

Mu duba misali guda da kyau. A watan Oktoba na 2023 kamfanin ESET ya gano wata ƙungiyar leƙen asiri da ake kira Winter Vivern, wadda masu bincike ke dangantawa da muradun Rasha da Belarus, tana aika wa hukumomin gwamnati da wata cibiyar nazari a Turai wani saƙo. Idan ka gan shi ba za ka kawo komai a ranka ba: ya zo kamar daga ma'aikatan Outlook, yana yi maka maraba da bayanin yadda za ka fara amfani da akwatinka. Babu fayil a maƙale, ba a nemi kalmar sirri ba. Amma a ƙasan saƙon an ɓoye wani hoto na nau'in SVG, an ba shi adireshin da da gangan aka lalata, aka kuma rubuta abin da burauza za ta yi idan hoton ya ƙi buɗuwa. Hoton ya ƙi buɗuwa kamar yadda aka tsara, burauza ta bi umarnin, ta sauko da wani rubutun daga sabar maharan, shi kuma ya jera manyan fayilolin akwatin ya fara tura wasiƙu waje. Mai akwatin yana zaune yana kallon saƙon maraba.

An ba wannan rauni lamba CVE-2023-5631. Ya kamata a yaba wa masu kula da Roundcube a nan: an sanar da su ranar 12 ga Oktoba, ranar 16 ga wata sun fitar da gyara. Kwana huɗu. Ba a nan gizo yake saƙa ba.

Tsakanin fitar faci da saka shi

A watan Yuni na 2023 sashen binciken barazana na Google ya gano wani rauni na XSS a Zimbra, mai lamba CVE-2023-37580, ana amfani da shi a kan wata hukumar gwamnati a Girka. Ranar 5 ga Yuli Zimbra ta sa gyaran a ma'ajiyarta ta GitHub, inda kowa ke iya gani, amma cikakken facin bai fito ba sai 25 ga Yuli. Google ta lissafa ƙungiyoyi huɗu da suka ci gajiyar wannan rauni, kuma uku daga cikinsu sun soma harinsu ne bayan gyaran ya bayyana a fili. An kai wa hukumomi hari a Moldoba da Tunisiya da Biyetnam, sannan Pakistan a watan Agusta, lokacin da facin ya riga ya yi wata guda a hannun jama'a.

Dalilin a fili yake. Faci yana nuna daidai layin da aka canza, don haka mai kutse da ya kwatanta tsohuwar manhaja da sabuwa ya san inda ɓarakar take ba tare da ya sha wahalar bincike ba. Ranar da gyara ya fito, haɗarin wanda bai saka shi ba ƙaruwa yake yi. Kuma maharan ba sa gaggawar barin tsohon rauni muddin yana biyan buƙata. Raunin Roundcube mai lamba CVE-2020-35730 an toshe shi a Disamban 2020, amma a 2023 hukumar tsaron intanet ta Yukiren da kamfanin Recorded Future sun same shi cikin makaman da ƙungiyar APT28 ke amfani da su a kan hukumomin ƙasar. Fiye da shekara biyu maganin yana nan, ba a sha ba.

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce. A watan Mayu na 2025 ESET ta wallafa bincike kan wani shiri da ta sa wa suna RoundPress, wanda ta danganta da wannan ƙungiya ta APT28, wadda gwamnatin Amurka ke cewa reshe ne na leƙen asirin sojan Rasha. Shirin ya shafi Roundcube da Horde da MDaemon da Zimbra, kuma cikin waɗanda aka nufa, ban da Yukiren da Bulgeriya da Romaniya, har da Ekwado da maƙwabciyarmu Kamaru. Abubuwa biyu a rahoton sun fi tsaya mini a rai. Na farko, a Roundcube rubutun maharan yana ƙirƙirar ƙa'idar tace saƙo a cikin akwatin, wadda ke tura kwafin duk wasiƙar da ta shigo zuwa adireshinsu. Ƙa'idar tana zaune a sabar, don haka ko ma'aikaci ya sauya kwamfuta, ko ya canza kalmar sirri, wasiƙunsa na ci gaba da zuba waje. Na biyu, a MDaemon rubutun yana iya sace sirrin tabbaci na mataki biyu, ya kuma buɗe wa maharan kalmar sirri ta musamman da za su riƙa shiga da ita. Tabbacin mataki biyu abu ne mai kyau kuma ina kira a yi amfani da shi, amma an gina shi ne don tare wanda ke waje yana son shiga. Wannan harin kuwa daga cikin shafin da ka riga ka buɗe yake gudana.

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin masu kula da sabar idan sanarwar rauni ta fito: “Ai wannan sai mutum ya shiga da kalmar sirri tukuna, ba na gaggawa ba ne.” Tarihin Zimbra ya ƙaryata wannan lissafi. A 2022 an fitar da gyaran wani rauni da aka ɗauka matsakaici ne saboda yana buƙatar ikon mai gudanarwa. Daga baya aka gano wata hanyar tsallake shigar gaba ɗaya, aka haɗa biyun, kuma a watan Agusta kamfanin Volexity ya ƙirga sabar fiye da 1,000 da aka dasa wa ƙofar baya a faɗin duniya. Haka ya kamata a kalli CVE-2025-49113, raunin da Kirill Firsov ya gano a Roundcube bayan ya shafe sama da shekara goma a cikin manhajar ba a lura ba. Yana ba duk mai akwati ɗaya damar gudanar da umarni a kan sabar kanta. A jami'a mai dubban ɗalibai da ma'aikata, samun kalmar sirri guda ba wani aiki ba ne. An fitar da gyara ranar 1 ga Yuni 2025 a sigar 1.6.11 da 1.5.10, cikin 'yan kwanaki masu kutse suka ƙera makami daga gare shi, kuma bayan kusan mako guda gidauniyar Shadowserver ta ga sabar fiye da 84,000 da har lokacin ba a gyara ba.

Sabar marainiya

Me ke hana saka faci? A abin da na gani a wurarenmu, ba rashin ƙwararru ba ne. Na taɓa duba imel ɗin wata ma'aikata da aka ba ɗan kwangila aikin gina mata shafi. Ya gina, ya haɗa imel, aka yi bikin ƙaddamarwa, aka biya shi, ya kama gabansa. Kalmar sirrin gudanar da sabar tana wurinsa. Jami'in kwamfuta na ma'aikatar, yaro mai ƙwazo, aikinsa ya tsaya ga buɗe wa sababbin ma'aikata akwati da sauya wa wanda ya manta kalmar sirri. Da na latsa maɓallin da ke nuna sigar manhajar, lambar da ta fito ta shekarun baya ce, layin da masu manhajar suka daina yi wa gyara. Na tambayi wa ke sabunta ta. Jami'in ya ce aikin ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce yarjejeniyarsa ta ƙare ranar da ya miƙa aiki. A cikin akwatunan nan kuwa akwai takardun albashi, da bayanan kwangiloli, da hotunan katin shaidar mutane. Babu wanda ya yi mugunta a cikinsu. An rubuta kuɗin gini a kasafi, ba a rubuta kuɗin kulawa ba.

Wani lokaci ma manhajar ce ta mutu. SquirrelMail ba ta sake fitar da tabbatacciyar siga ba tun 1.4.22 a 2011, kuma cPanel ya daɗe da cire ta, daga baya ya cire Horde. Wanda har yau yake kan irin waɗannan, jiran faci ba zai fisshe shi ba, ƙaura ce ta kama shi.

Shawarwarina ba su da yawa, kuma ba na son a ɗauke su da nauyi ɗaya. Mafi girma ita ce kowace hukuma ta rubuta sunan mutum guda da ke da alhakin sabar imel, a ba shi ikon gudanarwa na gaske, a kuma ƙayyade masa wa'adi a rubuce: facin tsaro na manhajar imel ya shiga cikin kwanaki, ba sai an jira zaman kwamiti ba. Duk kwangilar gina shafi ta ƙunshi kulawa bayan miƙa aiki da miƙa makullan sabar. Hukumar da ta san ba za ta iya wannan ba, mutuncinta ne ta mayar da imel ɗinta hannun mai ba da hidima da zai ɗauki nauyin sabuntawa, bayan ta auna inda bayananta za su zauna da dokar da ta shafe su. Riƙe sabar a gida yana da fa'idarsa, musamman ga gwamnati, amma fa'idar tana zuwa da aiki na kullum.

Sauran matakan taimako ne kawai. Ana iya saita sabar ta gaya wa burauza kada ta gudanar da umarnin da bai fito daga manhajar ba, abin da ake kira CSP. Ana iya taƙaita shiga imel ɗin manyan jami'ai ga hanyar sadarwar ofis. Ana iya kashe nuna HTML, ko da yake wannan ma ba garkuwa ce cikakkiya ba, domin a Satumban 2023 Roundcube ta toshe wani rauni da ke aiki ta saƙon rubutu zalla. Sannan bayan kowane faci a bi akwatuna a duba ƙa'idojin tura saƙo da kalmomin sirri na musamman, domin faci yana hana sabon shiga ne kawai, ba ya korar wanda ya riga ya shigo.

A Najeriya batun ya wuce na fasaha. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'a 72 da sanin an yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Hukumar da ba ta adana rajistar abin da ke gudana a sabarta ba za ta iya faɗin yaushe aka shiga, ko akwatin wa aka kwashe ba, balle ta sanar da mutanen da abin ya shafa. Don haka ina roƙon ngCERT da NITDA, hukumomin gwamnati masu kula da tsaron intanet da fasahar sadarwa, su riƙa bincika adiresoshin imel na hukumomi da jami'o'in gwamnati lokaci-lokaci, su duba sigar manhajar da kowace ke kai, su aika da sakamakon kai tsaye ga shugaban hukumar, ba ga jami'in kwamfuta kaɗai ba, tunda shugaban ne ke sa hannu a kasafi.