Awon Gishiri da Tantanin Hanji



Duk wanda ya barbaɗa wa yankakkiyar albasa gishiri ya ga yadda take tsattsafo da ruwa, gama ruwa bin gishiri yake yi. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanjinmu kullum da wannan suke fama. In ruwan da ya iske su salam ne, sai su sha su kumbura, kana su buɗe ƙofofinsu su saki sinadaran fotasiyam da kulorayid, ruwa ya bi, kumburin ya sace. In ya cika gishiri sai su yanƙwane, su jawo gishirin ciki don su komo girmansu. Amma dabarar tana da iyaka.

A Sabon Birni da Isa, inda amai da gudawa kan biyo damina, uwa takan ƙara gishiri cikin ruwan gishiri da sukari, a ganinta ƙarfi ta ƙara masa, alhali kuwa ruwan jikin ɗanta take janyowa zuwa hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2002 rage gishiri da sukarin haɗinta ta yi. Awon gida shi ne tafasasshen ruwa lita 1, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokali, a shafe, kada a tula. In mun je hutu, mu auna a gaban iyayenmu mata su gani.