Darasi Daga Basasar Kano

Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzo (S), Malamin da ya gabatar da jawabi a wajen ta'alim ya ja hankalin 'yan uwa matasa kan Yaƙin Basasa. Ya ce da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Sai Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi ya fice da jama'arsa da dawakinsu, suka kama Takai, suka mai da ita sansani. Daga nan mahayansu suka riƙa cin garuruwan gabas ɗaya bayan ɗaya. Yusufu ya rasu a hanya, ƙanensa Alu ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895.

Malam ya tambaya, jinin wa aka zubar? Ya ce na Musulmi ne, masu alƙibla ɗaya. Ba a cika shekara goma ba Nasara suka ci Kano a 1903. Ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya.