Bayanan da Ke Ɓacewa Kafin a Karanta Su

Masu haɗa na'urori da allon Arduino Uno sun san wannan ciwon kai: bayanai na shigowa a jere ta waya, wasu na salwanta. Lissafi ya nuna dalili. A gudun bit 115,200 cikin daƙiƙa, bayit 11,520 ne ke isowa, alhali ma'ajiyar jiransu bayit 64 kacal take ɗauka. Kafin kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ta cika. Idan manhaja ta shagala da rubutu a katin SD, abin da ya iso bayan nan ya tafi ke nan, ba ko gargaɗi.

Wasu za su ce a sayi allo mai sauri. Sauri na taimakawa, amma mai saurin ma yakan shagala. Abin da ya fi shi ne DMA, sashen da ke kwashe bayanai kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwar na'ura ba tare da jiran manhaja ba, kuma allunan STM32 da RP2040 duk suna da shi. Gaskiya ne saita shi akwai wuya, amma wuyar ba ta kai ta dogaro da bayanan da ke da giɓi ba. Malaman lantarki, ku koya wa ɗalibai wannan tun da wuri.