Yada Zango a Dutse da Hunturu: Lacca kan Wuta, Ruwa da Haƙƙin Masu Wuri



Tsakanin Disamba da Fabrairu ne matasanmu suka fi saɓa jaka su nufi dutse. Damina ta wuce, hanya ta bushe, makarantu sun yi hutun ƙarshen shekara. 'Yan sikawut da 'yan Boys' Brigade da ƙungiyoyin ɗalibai kowa na neman inda zai kafa tanti. Ranar 1 ga Janairu bikin Afan yakan cika Kagoro da baƙi, wasunsu kuma ba sa komawa gida sai sun hau dutsen garin, ko sun leƙa inda ruwa ke kwararowa a Matsirga, nan kusa da Kafanchan. Ban zo in hana kowa tafiya ba. Na zo ne kan yadda za a kwana a tashi ba tare da an bar wa masu wuri aiki ba.

A Amurka akwai ƙungiyar Leave No Trace, wadda aka kafa a 1994 don koyar da irin wannan tarbiyya. Darasinta na lokacin sanyi kusan duk a kan dusar ƙanƙara yake. Mu abin da hunturu ke shimfiɗa mana shi ne busasshiyar ciyawa da iska mai ƙarfi daga arewa maso gabas. Saboda haka babbar maganarmu wuta ce.

Ga yadda abin ke faruwa. Yara sun baro gari da rana tsaka, ana gumi, kowa da 'yar rigarsa mara nauyi. Wajen ƙarfe uku na dare muku-mukun kan dutse ya sauko, sai a tashi a tara itace a hura wutar da ta fi tsayin mutum. Iska ta ɗauki tartsatsi guda ta jefa cikin ciyawa, shi ke nan. Wutar da ta hau gangaren dutse gudu take ƙarawa, domin zafinta yana riga ta isa ciyawar da ke sama. Ƙasanmu fa ba fili ba ne da babu mai shi: akwai amyar mai zuma a kan ɗorawa, akwai cittar da aka yanka aka shanya, akwai ciyawar da makiyayi ke sa rai da ita har saukar ruwa. Duk wannan yana iya tafiya saboda wani bai ɗauko rigar sanyi ba.

Don haka maganin sanyi a jaka ake zuwa da shi: riga biyu ko uku masu hawa kan juna, hular sanyi, safa, bargo, da shimfiɗa mai kauri, tunda ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Girki a yi shi a risho ko ƙaramar tukunyar gas. In wutar itace ta zama dole, a nemi tsohon murhun da wasu suka bari, a share ciyawa taku uku kowane gefe, a yi amfani da kiraren da suka faɗo da kansu. Adda ba ta da aiki a jikin icce mai rai. Kafin a kwanta a zuba ruwa, a motsa tokar, a sake zubawa, har sai an iya ɗora hannu a kanta. Rufe garwashi da ƙasa yaudarar kai ce. Yakan kwana da ransa.

Wani abu kuma da nake roƙon shugabanni su riƙe da kyau: kada a shiga da gawayi cikin tanti. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mai barci ba ya jin shigarta. Ciwon kai da jiri su ne alamar farko, in an yi sa'ar farkawa.

Sai ruwa. Rafin da ke ambaliya a Agusta ya zama siriri a Janairu, kuma shi ne mutanen gindin dutse da dabbobinsu ke sha. Sabulu ko ƙazantar da damina za ta wanke, yanzu zama take yi. A kafa tanti da wurin ba-haya aƙalla mita 60 daga ruwa, a tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe. Ledar fiya-wata da gwangwani kuwa, wanda ya iya hawa da su a cike zai iya sauka da su babu komai a ciki.

A taƙaice kan abin tsintuwa. A 1928 aka fara cin karo da sassaken yumɓun Nok wajen haƙar kuza, a ƙasar Jaba, kuma har yau ƙasar nan tana fito da irinsu. Wanda ya ga kasko ko gunkin yumɓu ya bar shi inda yake, ya sanar da hukumar gidajen tarihi. Da zarar an ɗauke shi daga mazauninsa, rabin abin da zai faɗa wa masana ya ɓace.

A ganina, tafiyar da ba ta fara daga ƙofar mai unguwa ko dagaci ba, ba ta cancanci a yi ta ba. Su suka san inda al'ada ta hana takawa, da inda mafarauta suka sa wuta, da halin tsaro na makon. Su kuma za su ba ku ɗan jagora, ku biya shi haƙƙinsa.

Shugabanni, kafin motarku ta tashi bana, ku buɗe jakar kowane yaro ku duba. Wanda ba shi da bargo da rigar sanyi, a sama masa ko ya jira tafiya ta gaba.