Hanyar da Ta Ratsa Garuruwa Shida: Jawabi ga Ɗaliban Tsara Birane a Ranar Yaye Su

 

Kafin a miƙa takardun shaida, akwai labarin wata hanya da ya dace ɗaliban da ake yayewa yau su tafi da shi bakin aiki. Mota ba ta bin ta, sai mai tafiya da ƙafa, da mai keke, da mai keken guragu.

A arewa maso yammacin jihar Arkansas ta Amurka, garuruwa shida ne jere daga kudu zuwa arewa: Fayetteville, Johnson, Springdale, Lowell, Rogers da Bentonville. Kowanne da magajin garinsa da majalisarsa da asusunsa, kowa tasa ta fisshe shi. Fayetteville ta shimfiɗa hanyoyin keke a bakin rafukanta, Bentonville ma ta yi nata. Amma da mai keke ya kai iyakar gari sai siminti ya ƙare, ya tsinci kansa cikin hayaƙin motoci. Johnson kuwa gari ne na 'yan dubban mutane, ina ya ga kuɗin da zai cike giɓin?

Hukumar tsare-tsare ta yankin, wadda garuruwan ke da wakilai a cikinta, ita ta zaunar da su wuri ɗaya. Aka zana taswira ɗaya, aka nemi kuɗi da baki ɗaya. A 2010 ma'aikatar sufuri ta tarayya ta ba su tallafin dala miliyan 15. Gidauniyar iyalan Walton, masu kamfanin Walmart, ta zuba kwatankwacin haka, garuruwan suka kawo nasu. Ranar 2 ga Mayu, 2015 aka buɗe Razorback Greenway, mai tsawon mil 36, wato kusan kilomita 58, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 38. Inda ta gamu da rafi an ɗora gada, a wasu manyan tituna an haƙa mata mashiga ta ƙasa, don yaro ya wuce makaranta ba tare da ya tsallaka kwalta ba. Ta biya ta jami'ar Arkansas, ta ratsa tsakiyar garuruwan da bakin makarantu fiye da 20.

Wani zai ce ai masu kuɗi ne suka yi. Gaskiya ne, ba kowane yanki ke da iyalan Walton ba. Sai dai da wuya tarayya ta saki wannan kuɗi in takardu shida masu karo da juna aka kai mata. Kuma bayan an yanke ƙyalle an watse, yankan ciyawa da kwashe shara da gyaran fitilu sun koma wuyan kowane gari a iyakar rabonsa.

St. Louis ta jihar Missouri ta bi wata dabara. A Nuwamba 2000, masu jefa ƙuri'a a birnin da gundumar St. Louis da ta St. Charles suka amince da ƙarin harajin cinikayya: dala 1 a kan kowace sayayyar dala 1,000. Da shi aka kafa hukumar Great Rivers Greenway, wadda shugabannin yankunan uku ke naɗa mambobinta. A 2013 birnin da gundumar St. Louis suka sake ƙara wa kansu haraji. Yau hanyoyin da hukumar ta gina sun haura mil 100. Talaka ne ya yarda a cire daga aljihunsa, don ya san inda kuɗin zai shiga.

Batun bai yi nisa da gida ba. Birnin Kano da kewayensa ƙananan hukumomi takwas ne, badala kuma ta ratsa ta Birni da Gwale da Dala, gine-gine na cinye ta kaɗan-kaɗan. Babu shugaban ƙaramar hukumar da zai iya mayar da gefenta hanyar ƙafa mai inuwar darbejiya shi kaɗai. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar na tafiyar hawainiya, amma hujjar cewa ba a da hurumin haɗa asusu kan aiki ɗaya ta fara rauni.

Ɗalibai masu albarka, in an tura ku sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, kada zanenku ya tsaya a inda iyakarta ta tsaya. Ku tsallaka wurin takwaranku na maƙwabta da taswira a hannu, ku rubuta wanda zai biya, da wanda zai shuka, da wanda zai yi ban ruwa da rani, shugabannin biyu su sa hannu kafin a kira ɗan kwangila. Allah ya sa albarka a karatunku.