Lissafin Boole da Haƙar Magudanan Ruwa



Duk wanda ya ratsa Kura ko Bunkure ya ga magudanan da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. Bisa yawan ƙasar da aka haƙe ake biyan ɗan kwangila. To, yaya injiniya zai san yawanta tun ba a kafa diga ba?

A manhaja irin AutoCAD ko Blender sai ya gina siffa biyu masu tsawo da faɗi da zurfi: tudun ƙasar, da magudanar da yake nufi. Dabarar ta ci sunan George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila da ya rasu a 1864, aiki uku kuwa take yi. Haɗewa takan mai da siffa biyu ɗaya. Cirewa takan ƙwaƙule ɗaya daga jikin ɗaya, sai magudana ta bayyana. Na uku, wanda ni na fi ba muhimmanci, shi ne ware inda suka ratsa juna, gama wannan yanki shi ne ainihin ƙasar da za a kwashe, kwamfuta kuma za ta auna shi.

Amma fa a yi hattara. In siffar ƙasar tana da ɓula, komai ƙanƙantarta, kwamfuta takan kasa rarrabe ciki da waje, ta ba da adadin banza. Jami'in da ya sa hannu bai duba ba, yana iya biyan kuɗin jama'a kan ƙasar da ba a taɓa haƙa ba.