Jawabi a kan Sayen Tsohon Takobi da Kiyaye Shi

An umarce ni in yi magana a kan tsofaffin takubba, gama yanzu magada sun kama sayar da na kakanninsu, masu saye kuwa sun kama lalata su da sunan gyara.

Da fari, kada dillali ya ruɗe ku da yawan shekaru. Takobin da ya kai shekara 500 abu ne na taskar sarakuna, irin su Gajere na Katsina, wanda labarin kakanni ya danganta da Korau. Akasarin waɗanda ake tallarsu ba su kai rabin wannan ba, waɗansu ma da sifirin mota aka ƙera su. Ƙarfen da mutanen da suka fi yabo daga Solinjin ta ƙasar Jamus ya fito, fatake suka ƙetaro Hamada da shi, maƙeranmu suka sa masa ƙota, dukawa suka ɗinka kube. A jikinsa akan ga hoton kyarkeci yana gudu, ko jinjirin wata guda biyu. Amma fa tambari shaida ɗaya ne tak, kuma maƙeran wannan ƙasa sun iya kwaikwayonsa sarai. Alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum guda. Sai a bincika hannun wa ya fito, wa ya gada daga wa, ko magada duka sun yarda, a rubuta a gaban shaidu. Ku tuna kuma dokar Nijeriya ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun Hukumar Gidajen Tarihi ko wakilin da ta yarda da shi, ta kuma hana fita da su ƙasar waje ba da izini ba.

To, sai kiyayewa, nan ne ɓarna ta fi yawa. Mutum ya ga ƙarfe ya yi duhu, sai ya ɗauko yashi da toka da lemun tsami, ko ya kai wa mai wasa wuƙa. Kafin la'asar takobi yana walƙiya, tambari da rubutu sun tafi, ba kuwa mai komo da su. Duhun nan ba cuta ba ne, tsufa ne, a bar shi. Jar tsatsa ita ce mai ci. A ɗiga mata man keken ɗinki, a bari ya kwana, sa'an nan a shafe da tsumma mai taushi. Kada a sa man gyaɗa ko man shanu, gama sukan lalace su yi danƙo. Kada a kama ƙarfen da tafin hannu, saboda gishirin zufa.

Kube ma, da ake zaton shi ne mafaka, da damina raɓa yake riƙewa, ga bagaruwar jima tana taɓa ƙarfe. Saboda haka idan an sauko daga hawan salla a zare takobin, a shafa mai, a ajiye shi dabam da kubensa a ɗaki busasshe, a riƙa dubawa wata wata har kaka ta yi.

Haza wasalam.